Fashin Baƙi: Shin matattu na dawowa? Fatalwa, aljanu da nauyin da ke wuyan mai imani

Shin wanda ya mutu, aka yi masa sutura aka binne shi, yana iya dawowa ya bayyana ga masu rai? Idan kuwa ba ya dawowa, mene ne mutane suke gani, suke ji, har su rantse a kai? Wannan tambaya takan taso duk lokacin da wani bidiyo ya karaɗe Facebook ko TikTok ɗauke da inuwar wani abu a lungun gida, ko aka ce an ga wane, wanda ya rasu bara, yana harkokinsa a wani gari mai nisa. Nan take jama'a sukan rabu gida biyu. Wasu su ce duk wanda ya musa to gaibu ya musa, imaninsa da sauran gyara, wasu kuma su ce duk wanda ya yarda camfi ne ya yi masa katutu. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, kuma kowanne yana cakuɗa abubuwan da ya kamata a rarrabe.

Batun ya cancanci a zauna a kansa domin ba a fatar baki yake tsayawa ba. Abin da mutum ya ƙudurta game da ɓoyayyun abubuwa shi ke yanke inda zai kai marar lafiyarsa, da wanda zai zarga idan masifa ta auka masa, da yadda zai ɗauki laifin da ya aikata da hannunsa.

Fatalwa daban, aljani daban

Idan aka ce fatalwa, ana nufin mamaci ne da ake zaton ya dawo cikin kamanninsa, ko muryarsa, ko motsinsa. Ruhi kuwa shi ne abin da rai ke tafiya da shi, wanda Alƙur'ani ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 85, yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ba a ba mutane ilmi ba sai kaɗan. Aljani halitta ce mai zaman kanta, ba ta taɓa zama mutum ba, ba kuma mutum ne ke rikiɗa ya zama ita bayan mutuwa ba. Suratur Rahman ta ce an halicce shi daga harshen wuta, Suratul A'araf kuma ta ce Shaiɗan da rundunarsa suna ganin mutane ta inda mutane ba sa ganinsu. Gaibu shi ne babban gidan da ya tattara duk abin da ido ba ya kaiwa, sai ta hanyar wahayi ake saninsa.

Wannan rarrabewa tana da muhimmanci ƙwarai, domin Musulmin da ya ce bai yarda da fatalwa ba bai taɓa komai daga imaninsa ba, alhali samuwar aljanu tabbatacciya ce da nassi, har akwai sura sukutum, ta 72, da sunansu. Sai dai akwai tazara mai faɗi tsakanin yarda cewa aljanu suna nan, da yanke hukunci cewa ƙarar da aka ji daren jiya a saman rufi aljani ne ya yi ta. Na farko imani ne. Na biyu da'awa ce a kan wani abu takamaimai da ya faru, kuma kowace da'awa tana bukatar hujja. A ganina yawancin ruɗanin da ake ciki daga nan ya samo asali, wato mutane suna ɗaukar rigar imani su sa wa zatonsu, sai ya zamana duk wanda ya tambayi hujjar zaton ana yi masa kallon mai shakkar addini.

Abin da addini ya ce game da dawowar mamaci

A Musulunci maganar a bayyane take. Suratul Mu'uminun, aya ta 99 da ta 100, ta kawo halin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya ko ya gyara abin da ya bari, aka amsa masa da a'a, aka kuma ce a bayansu akwai shamaki har ranar da za a tashe su. Wannan shamaki shi ne barzahu. Hatta shahidai, da duk darajarsu, hadisi ya nuna sun nemi a dawo da su duniya ba a ba su ba. Larabawan jahiliyya suna da nasu camfin, suna cewa ran wanda aka kashe yakan zama tsuntsu mai kama da mujiya, ya riƙa kuka a kan kabari har sai an ɗaukar masa fansa. Sunan wannan tsuntsu hama, kuma yana cikin abubuwan da Annabi (SAW) ya kore a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ganin mamaci a mafarki wani babi ne daban, malamai sun yarda yana faruwa, Ibnul Ƙayyim ma ya yi dogon bayani a kansa a littafinsa na ruhi, amma babu malamin kirki da ya ce a gina hukunci ko zargi a kan mafarki.

Kiristanci ma bai buɗe wannan ƙofa ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura ta 9, ta ce sau ɗaya aka ƙaddara wa mutum ya mutu, bayan haka sai shari'a. A Bisharar Luka, sura ta 16, wani mai arziki da ya mutu ya roƙi a aika Li'azaru, wani matalauci da shi ma ya mutu, ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar da ke raye, aka ƙi. Attaura kuma ta hana neman magana da matattu hani mai tsanani, shi ya sa ake kawo labarin sarki Saul da matar garin Endor, wadda ya je wurinta don ta kira masa mamaci, a matsayin abin da bai kamata ba. Akwai addinai da al'ummomi da suke da wata fahimta, kamar mabiya addinin Buddha da ke da koyarwa a kan ruhohi mayunwata, amma ga mabiya Musulunci da Kiristanci, mamaci ya tafi inda ba a dawowa sai ranar tashi.

To me mutane suke gani?

A nan ne masu saurin ƙaryata mutane suke kuskure. Yawancin masu ba da irin wannan labari ba maƙaryata ba ne, kuma da hankalinsu. Binciken da cibiyar Pew ta yi a Amurka a 2009 ya nuna kashi 18 cikin ɗari na manya sun ce sun taɓa gani ko jin kasancewar fatalwa, wannan kuwa a ƙasar da ake kafa misali da ita wajen ilmin kimiyya. Ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da suke ji, sai dai a tambayi mene ne.

Na san wata dattijuwa da mijinta ya rasu bayan zaman aure na fiye da shekara arba'in. Ta ce watanni bayan rasuwarsa, daidai lokacin da ya saba dawowa gida da daddare, sai ta ji gyaran muryarsa a bakin ƙofa, irin wanda yakan yi sau biyu kafin ya shigo. Har takan yunƙura za ta miƙe, sannan ta tuna. Ta daɗe ba ta gaya wa kowa ba, domin tana tsoron a ce ta zautu, ko a ce wani abu ne ya shige ta. Wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya yi hira da mutum 293 da abokan aurensu suka rasu, ya wallafa sakamakon a 1971, inda kusan rabinsu suka ce sun ji kasancewar mamacin, ko sun gan shi, ko sun ji muryarsa. Abin ya fi yawa ga waɗanda suka daɗe da aure kuma suka yi zaman lafiya, yawancinsu sun ce yana sanyaya musu rai, kuma kamar dattijuwar nan, yawancinsu sun ɓoye. Ƙwaƙwalwar da ta shekara arba'in tana jiran wata murya a wani lokaci ba ta daina jira rana ɗaya, takan cike gurbin da abin da ta saba. Wannan baiwar Allah ba ta bukatar a tsorata ta da maganar aljani, ba ta kuma bukatar a yi mata dariya. Kewa ce, kuma wanda ya zauna ya saurare ta ya yi mata babban taimako.

Sai dannau, wanda ya fi kowanne firgitarwa. Mutum ya farka cikin dare, idonsa biyu, yana ganin ɗakinsa sarai, amma ko yatsa ya kasa ɗagawa. Yana so ya yi salati harshe ya ƙi motsi, ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, sau da yawa kuma ya ga wata baƙar siffa tsaye a gefen gado. Abin da ke faruwa a jiki sananne ne. A matakin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa takan kulle tsokokin jiki domin kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki, to wani lokaci hankali yakan farka kafin a buɗe kullen, sai guntun mafarki ya zubo cikin farke. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna ya saki. Ƙarancin barci, da damuwa, da kwanciya rigingine suna ƙara jawo shi. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike 35 a kan sama da mutum 36,000 ya gano kusan kashi 8 cikin ɗari na jama'a sun taɓa fuskantarsa, a tsakanin ɗalibai kuwa ya haura kashi 28. Abin lura shi ne kowace al'umma da sunan da ta ba shi: a Sin ana cewa fatalwa ce ta danne gado, a Masar da yawa suna danganta shi da aljani, a tsibirin Newfoundland na Kanada kuma tsohuwar mayya ce. Abin da jiki ke ji iri ɗaya ne, fuskar da ake gani ce ke bin abin da mutum ya tashi yana tsoro. Yin addu'ar barci da neman tsari bai saɓa da gyara lokacin kwanciya ba.

Akwai kuma wanda ke kisa. A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka tare a wani tsohon gida, suka riƙa jin takun sawu da daddare, suna ganin siffofin mutane, ga ciwon kai da kasala, har tsirran da ke cikin gidan suka bushe. Da aka bincika sai aka tarar na'urar ɗumama gidan ce ta lalace, tana tura musu iskar kabon monoksayid, guba marar launi marar wari da ke fita daga duk abin da ke ƙonewa a wurin da iska ba ta shiga sosai. Da aka gyara, komai ya tsaya. Duk gidan da mutanensa suka fara ciwon kai tare, suna gane-gane, suna jin sauƙi idan sun fita waje, to a fara buɗe tagogi a duba abin da ke ci da wuta kafin a nemi mai addu'a, domin jinkirin dare ɗaya yana iya cin rai.

Maƙaryata ma suna nan, ba a rasa su. A 1848 wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya, Margaret da Kate Fox, a ƙauyen Hydesville na jihar New York, suka ce wani mamaci yana amsa musu tambaya da ƙwanƙwasa. Daga nan harkar kiran matattu ta bazu a Amurka da Turai. Bayan shekara 40, a 1888, Margaret ta fito gaban jama'a ta nuna cewa da gaɓoɓin yatsun ƙafarta take fitar da ƙarar. Ta janye maganar daga baya, amma ta riga ta nuna yadda ake yi. Yau da manhajar waya ke iya ƙirƙirar hoto da murya, aikin ya fi na zamaninsu sauƙi nesa ba kusa ba.

Inda saɓanin yake da gaske

Shin aljani yana shiga jikin mutum? Mafi yawan malaman Sunna sun ce yana shiga, Ibnu Taimiyya yana cikin waɗanda suka fi ƙarfafa wannan, kuma suna kafa hujja da aya ta 275 a Suratul Baƙara, wadda ta kwatanta masu cin riba da wanda Shaiɗan ya buge da shafa. Wasu daga Mu'utazilawa, wata mazhabar aƙida mai fifita hujjar hankali, kamar Jubba'i, sun musa, suna cewa iyakar Shaiɗan waswasi. Amma har waɗanda suka tabbatar da shigar ba su ce kowace faɗuwa aljani ba ce. Ibnul Ƙayyim da kansa ya kasa farfaɗiya gida biyu, ya ce akwai wadda sababinta daga jiki yake, wadda likitoci ke magana a kanta. Ruƙya halal ce matuƙar babu shirka a ciki, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, kuma wanda ya halatta ta shi ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ba a umarci kowa ya zaɓi ɗaya ya watsar da ɗaya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gano cutar aka ba su magani yadda ya dace. Duk wanda ya taɓa ganin yarinya ta yanke jiki ta faɗi, jikinta yana karkarwa, kumfa na fita bakinta, mutane sun yi da'ira suna kallo daga nesa, wasu suna ja da baya don tsoron kada abin ya koma kansu, ya san abin da mummunar fahimta ke jawowa. Abin da take bukata a lokacin shi ne a kawar da abin da zai ji mata rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kanta, kada a cusa mata komai a baki, a juya ta gefe idan jijjigar ta lafa, a garzaya asibiti idan ta wuce minti biyar. Cutar ba a ɗaukarta ta taɓawa.

A Jamus, wata budurwa mai suna Anneliese Michel, wadda likitoci suka tabbatar tana da farfaɗiya, ta rasu a 1976 tana da shekara 23, saboda yunwa da ƙishirwa, bayan an yi mata zaman fitar da aljanu sau 67 an kuma daina kai ta ga likita. A 1978 kotu ta sami iyayenta da limaman coci biyu da laifin sakacin da ya jawo mutuwa. Iyayen suna sonta, kuma sun yi imani da abin da suke yi, amma hakan bai sauke musu nauyi ba. Ƙa'idar cocin Katolika da aka sabunta a 1999 ta jaddada cewa a tabbatar ba rashin lafiya ba ne kafin a yi irin wannan addu'a.

Zargi: wanda ake shafa wa kashin kaji

Mafi munin abin da wannan ruɗani ke haifarwa shi ne nuna yatsa. Yaro ya yi ciwo, ko ciniki ya tsaya, ko aure ya mutu, sai a ce hannu ne, sannan a shiga neman mai hannun. Kusan kullum kuma a kan marar gata yatsan ke sauka, tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata, ko maraya, ko wanda da ma ake jin haushinsa. A garin Salem na Amurka, a 1692, an zargi sama da mutum 200 da maita, aka rataye 19, aka danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu. Babbar hujjar da kotun ta karɓa ita ce masu ƙara su ce kurwar wane ta zo musu tana azabtar da su, abin da ba wanda zai iya gani balle ya ƙaryata. A 1697 ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe a coci ya amsa kuskurensa a bainar jama'a, amma waɗanda aka rataye sun riga sun tafi.

Irin wannan hujja ce ake karɓa a yau idan aka ce ai aljanin da kansa ya faɗa lokacin ruƙya cewa wance ce ta turo shi. Ko da an ƙaddara aljanin ne ke magana, ba ruɗewar marar lafiya ba, yaushe maganarsa ta zama shaida? A hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari, Annabi (SAW) ya siffanta Shaiɗan da cewa maƙaryaci ne ko a ranar da ya faɗi gaskiya. Suratu Saba'i ta ba da labarin aljanun da suka ci gaba da yi wa Annabi Sulaiman aikin wahala bayan ya rasu yana dogare da sandarsa, ba su sani ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi, domin a gane cewa ba su san gaibu ba. Wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, hadisin Muslim ya ce ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana arba'in. Addinin da ya ɗora wa mai da'awa kawo hujja, ya kuma ce a nisanci yawan zato, ba zai yarda a raba zumunci ko a zubar da mutuncin wani bisa maganar da ba a san mai yinta ba.

Nauyin da ba ya sauka

Akwai wata kalma da ake yawan ji daga bakin wanda aka kama da laifi: sharrin Shaiɗan ne. Waswasi gaskiya ne, amma Suratu Ibrahim, aya ta 22, ta riga ta kawo amsar da Shaiɗan zai bayar ranar hisabi, cewa ba shi da wani iko a kan mutane face ya kira su sun amsa, don haka kada su zarge shi, su zargi kansu. Wanda shari'a ta ɗauke wa alƙalami shi ne wanda hankalinsa ya gushe da gaske, kuma wannan magani da kulawa yake bukata daga danginsa. Mai cikakken hankali da ya ci amana ko ya daki matarsa, sannan ya ce asiri aka yi masa, yana neman mafaka ne a inda babu ita.

Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Uba ne da ke cikin jimamin ɗansa, kuma maganar ɗaukaka shi take yi, amma bai bar ta ta wuce ba, ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Wannan shi ne misalin da na fi komawa gare shi duk lokacin da ake wannan muhawara, domin ya nuna cewa ƙin jingina abu ga sababin da ba nasa ba yana cikin aikin mai imani.

Su kuma matattu, waɗanda ake tsoron dawowarsu, su ne ke da bukata a wurin masu rai. Hadisin Muslim ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Wani hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Da yawa daga masu cewa mamaci yana yi musu gizo a mafarki, idan aka zauna da su, sai a tarar akwai abin da bai kammalu ba tsakaninsu da shi, ko bashin da ba a biya ba, ko wasiyyar da aka danne, ko gadon da aka ƙi rabawa, ko gafarar da ba a nema ba har ƙasa ta rufe ido. Bashin ana iya biyansa yau, wasiyyar ana iya zartar da ita, marayun da aka riƙe wa haƙƙi suna nan da ransu ana iya kiransu a ba su.